Yadda Aka Kashe Mini Mota Daga Maraɗi

Na san abin da ake faɗi a gidan nan in na ba da baya. Ana cewa taurin kaina ne ya sa na ɗauki gwaggonku Dije tana jinya na shiga da ita rairayi, na kafe mota, rana ta gasa ta, wai shi ya gaggauta mata tafiya. Har jikokina sun iya labarin, suna ba da shi suna dariya, wai Kaka ya tsufa ya manta tuƙi. To ku saurara, ƴaƴana, tun ina da hankalina kuma hannuna yana iya riƙe alƙalami. Ban kafe mota ba. Duk tsawon aikina na likitan dabbobi ni nake tuƙa motar sarwis, ta gwamnati, da hannuna, daga Tasawa zuwa Mayahi har rugagen da ke bayan Mairairai, rani da damina, kuma babu makiyayin da zai ce ya taɓa tura ni. Abin da ya faru a ranar daban ne, kuma uwarku Zule tana cikin motar, ku tambaye ta.

Sai kun san wace ce Dije a wurina kafin ku gane sauran. Ku kun san ta tsohuwa mai kumburin ƙafa, wadda take zaune a ɗakin baƙi tana hana ku wasa da ruwa. Ni kuwa na san ta tana budurwa. Uwarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya Dije ce ta goya ni, ita ta yaye ni da kunu, ita ta tsaya a gaban mahaifinmu ranar da aka zo ɗaukar yara lekol, makarantar boko, ta ce a bar ni in je. Aka yi mata aure a wani ƙauye arewa da Atantane, can ta zauna duk rayuwarta, can ta binne mijinta. Da ciwon zuciya ya kama ta na je na ɗauko ta na kawo ta likita, wato asibiti, a Tasawa. Ta yi watanni a gidan nan. Daga ƙarshe lokotoro ya ja ni gefe ya ce abin da ya rage sai magani na rage wahala da addu'a. Ban gaya mata ba, amma Yaya ba yarinya ba ce. Wata rana cikin bazara, bayan la'asar, na shiga gaishe ta na iske ta ɗaure kayanta cikin zane, ta aza a gefen katifa.

Ta ce, "Isuhu, zamna."

Na zauna.

"Ka maishe ni gida."

Na ce, "Yaya, ai nan ma gida ne."

"Nan gidanka ne, Allah shi yi ma albarka. Ni ina son ɗakina. Ina son in ji ana daka ga turmina. Ba ni son a wanke ni cikin mutanen da ba su san sunan uwata ba."

Abin da ta faɗa ke nan, ba ta ƙara ba. Da na fito na gaya wa Zule, sai ta aje ludayin da ke hannunta ta ce, "Malam, cikin wannan zafin? Matar da ko bayan gida sai an riƙa ta? Mutane za su ce mun gaji da ita ne." Na ce mutane su ce. Da dare bai yi ba labari ya kai Yamai wurin yayanku Laminu, don a gidan nan waya ta fi iska gudu. Ya kira ni yana ta bayani da Faransanci kamar yana gaban ofis, cewa haɗari ne, cewa babu likita a can. Na bar shi ya gama. Na ce masa ba shawara na nema ba, mota nake nema. Tunda na yi retret na bar aiki ba ni da mota. Motocin kasuwa kuwa kun san su, buhuna a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama, ba zan aza Yaya a nan ba. Daga ƙarshe ya ce to, shi zai nemo mota ta haya a Maraɗi, kat-kat, wato mai ja da ƙafa huɗu, mai kilim na sanyaya ciki, ya biya daga can. Na gode masa, kuma har yau ina gode masa, don ya yi ne da zuciya ɗaya. Abin da bai sani ba, a hoto ya ga motar.

Na hau bas na je Maraɗi. Mai motocin wani matashi ne, ba zan rubuta sunansa ba don kada ya ɓata mini takarda. Farar shadda, baƙin tabarau, waya biyu a hannu. Ya kai ni bayan gareji ya nuna mini ita. In ba ku gaskiya, daga nesa ta yi kyau. Fara ce fat, hancinta a ɗage, an yi mata baƙaƙen gefuna a kan tayoyi, da ƙarafa biyu a bisa rufi, ta tsaya tana hura hanci kamar za ta haye tudun Agadas. Da na matso na ƙwanƙwasa abin da ke ƙarƙashin hancin, wanda ya kamata ya zama ƙarfen kare ciki, sai na ji roba ce aka shafa mata fenti ruwan azurfa. Na tattare rigata na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Babu sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Na buɗe baya na ɗaga shimfiɗa in ga tayar sauyi, sai ga wata ƴar siririya kamar faifai.

Na ce, "Ɗana, wannan ba kat-kat ba ce."

Ya yi dariya ya ce, "Baba, kat-kat ce ta zamani. Ku kun saba da tsofaffin nan masu hayaƙi. Wannan ordinata ce, kwamfuta, ke tafiyar da ita."

"Ordinata ba ta tura tayar baya. Ka san inda za ni?"

"An ce mini Mayahi."

"Bayan Mayahi. Atantane, sannan in yi arewa cikin rairayi. Marar lafiya zan kai gida."

Ya ce, "Babu matsala, Baba. Ko Bilma za ka, za ta kai ka."

Ku riƙe wannan maganar. Na faɗa masa da bakina, a gaban mai wanke masa motoci, kuma ya amsa. Na nemi ya sauya mini da ta gaske, ya ce duk manyan suna hannun masu proje, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Na kira Laminu, ya ce, "Baba, don Allah ka karɓa, an riga an gama magana." Na tuna ƙullin kayan Yaya a gefen katifa. Na karɓi makulli.

Ba zan zalunci motar ba, ko da ita ta zalunce ni. A kan gudron, wato kwalta, daga Maraɗi zuwa Tasawa, ta yi mini ladabi. Bolan ɗinta, wato sitiyari, sakayau, da yatsa biyu kake juya shi, ni da na saba kokawa da motocin sarwis har kafaɗa ta yi tsami. Kilim ya yi sanyi har na rage shi. Esansi kuwa, wato fetur, kamar ba ta sha, allurar ta ƙi motsi. Amma tun a nan na fara jin halinta. Injin ɗan ƙarami ne, in ka taka don ka wuce babbar mota sai ya yi ta kururuwa kamar ɗan akuya da aka ɗaure, gudun kuwa sai ya ga dama. In tirela ta gifta, iskarta sai ta ture ta gefe. Ga surutu. Ka matsa kusa da wani abu, ta yi ƙara. Ka taka layi, ta yi ƙara. Ka aje jaka a kujerar gefe, ta yi ƙara wai jakar ta ɗaura bel. Akwai allo a gaba mai faɗin tire, yana ta walƙiya da hotuna, amma in kana son ka rage iska sai ka sauke ido daga hanya ka yi ta latsa gilashi. An kashe hankali wurin abin da ido zai gani, an bar abin da zai ɗauki nauyi. Da na iso ƙofar gida yara suka kewaye ta suna shafawa, maƙwabta suna cewa Malam Isuhu ya yi sabuwar mota. Na ce ta haya ce, kuma kwalliya ce kawai.

Da safe bayan mun karya muka shirya. Zule, wadda ta fi kowa ƙin tafiyar nan, sai ga ta ta fito da mayafinta da buta da kwanon fura.

Na ce, "Ina za ki?"

Ta ce, "Wa zai riƙe mata kai? Kai da bolan?"

Allah ya saka wa uwarku da alheri. Kujerar baya gajera ce, mutum ba ya miƙewa, sai muka naɗe ƙafafun Yaya muka tokare da matashi, kanta a cinyar Zule. Muka bar gudron muka hau jar hanya. Nan motar ta nuna asalinta. Kun san yadda jar hanya take yin kunya-kunya in manyan motoci sun daɗe suna bi. Mota mai nauyi takan shanye wannan, ka ba ta wuta ta bi ta sama. Wannan kuwa kowane tudu sai ta miƙo maka shi har cikin haƙori. Robobin ciki suka ɗauki kaɗawa, ƙofofi suna ɓarɓar, madubi yana rawa har ba na ganin fuskar Zule. In na yi gudu, bayan motar ya riƙa wutsil-wutsil. In na rage, girgizar ta ƙaru. Duk ramin da muka faɗa sai in ji Yaya ta ja numfashi ta haƙora. Na yi ta ba ta haƙuri. Can ta ce, "Bar ba ni haƙuri, ba kai ka yi hanyar ba. Tahi dai."

Mun huta a Mayahi, aka ba ta magani da ruwa. Da muka gangara gulbi ta ga goriba ta ce a ɗaga ta ta gani. Daga nan fuskarta ta sake. Ta fara kiran sunayen garuruwa tun kafin mu kai su, tana gaya wa Zule wa ta sani a nan, wa ya aurar da ɗiya a can. Bayan Atantane hanya ta ƙare, sai sawun amalanke cikin rairayi tsakanin gonaki da ba a shuka ba. Na tsaya a ƙarƙashin wani gawo na rage wa tayoyi iska, yadda muke yi tun da. Na shiga da ita a hankali. Da tayar gaba ta fara juyawa a banza, sai na ji motar da kanta ta yanke wuta, daidai lokacin da ake bukatar wutar. Wato ordinatar da aka yi mini alfahari da ita ke nan: an koya mata tsoron santsin kwalta, ba a taɓa gaya mata akwai rairayi a duniya ba. Na lalubo maɓallin da ke kashe wannan wayon na kashe shi. Daga nan muka fahimci juna. Na riƙa ɗora ƙafa ɗaya a kan ciyawar gefe, ina guje wa tsakiyar sawu inda cikinta ke jan ƙasa, ba na tsayawa a taushi, ba na juya bolan da ƙarfi. Tana nishi, tana kuka, robar hancinta tana sharar yashi, amma tana tafiya. Zule ta ce, "Ashe dai Malam bai manta ba." Mun ci fiye da rabin rairayin. Na riga na hango dogayen itatuwan da ke gabas da garin su Yaya.

Sai injin ya mutu.

Ba tari, ba gargaɗi, ba hayaƙi. Ina cikin tafiya a hankali a kan wuri mai ƙarfi, sai kawai shiru. Na murɗa makulli, allo ya kama, fitilu suka kama, injin ko motsi. Na duba esansi, akwai. Na buɗe gaba na duba batir da wayoyi, komai lafiya. Rana tana tsaka, irin zafin bazara da ke sa ƙasa ta riƙa rawa a ido. Kilim ya tsaya tare da injin, kuma motar nan gilashi ce ta ko'ina, nan da nan ta zama tanda. Muka buɗe ƙofofi duka. Zule ta jiƙa mayafi tana shafa wa Yaya a wuya. Ina tsaye ina tunanin abin da ya lalace, sai wayata ta yi ƙara. Mai motar ne.

Ya ce, "Tsoho, ina za ka kai mini mota?"

Jiya Baba nake, yanzu na koma Tsoho. Na ce, "Inda na gaya maka. Ga ta nan ma ta mutu, ban san dalili ba."

"Ni na kashe ta."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Kai ka yi me?"

"Ni na kashe ta daga nan. Akwai na'ura a ciki, ina ganinka a wayata. Ka bar hanya, ka yi arewa cikin daji. Haka ake yi mana, a ɗauki mota a ce biki za a je, sai a ji ta a Libiya."

Ƴaƴana, na yi aiki da gwamnati har na tsufa, an ba ni amanar magani da allurai da motoci, ban taɓa ɓatar da ko ƙusa ba. Ranar nan, ina tsaye cikin rana da furfurata, yaron da na girmi ubansa yana zaune a inuwa a Maraɗi ya kira ni ɓarawo.  Na danne fushina, don ba ta kaina nake ba.

Na ce, "Ɗana, akwai marar lafiya a motar nan, tsohuwa mai ciwon zuciya. Garin yana gabana, ina hangen itatuwansa. Ka tada motar in sauke ta, in juyo maka da abarka yau ɗin nan."

"Ni ban san wannan ba. Motata ba ta shiga rairayi."

"Jiya ka ce ko Bilma."

"Magana ce ta kasuwa, Tsoho. In ka yarda ka juya yanzu ka koma Mayahi, in tada ta. In na ga ka ƙara taku ɗaya arewa, in sake kashewa, in kira jandarma."

Na roƙe shi. Ina so ku san wannan, don ban saba roƙo ba. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da uwar da ta haife shi. Na ce ga wayar, ya ji numfashinta. Ya ce shi ba lokotoro ba ne, ya kashe waya. Na kira Laminu, ya kira shi, ya sake kirana yana cewa, "Baba, ka juya kawai, ka ga abin da nake gudu ke nan. Ku koma Mayahi a kwantar da ita a likita." Zule ma ta dube ni ta ce, "Malam, ko mu juya? In ya tada motar akwai sanyi." Kuma gaskiyarta ne. Juyawa ita ce hanya mai sauƙi: sanyi, likita, babu jandarma, babu surutun dangi. Na zagaya na durƙusa a bakin ƙofar baya. Leɓunan Yaya sun bushe, amma idonta a buɗe, ta ji komai.

Na ce, "Yaya, kin ji. In mun juya zai tada mota. In mun ƙi, sai dai mu nemi wata dabara cikin ranar nan. Ke za ki faɗa."

Ta ce, "Waɗancan itatuwan, ba na bakin rijiyarmu ba ne?"

"Su ne."

"To mi kake tambaya ta?"

Na miƙe. Na bar su a ƴar inuwar wata aduwa, na shimfiɗa mata tabarma, na bi sawu da ƙafa zuwa wasu bukkoki da na hango. Na iske wani magidanci yana gyaran amalanke, shanunsa biyu suna kwance. Ban san shi ba, shi ma bai san ni ba. Na ce masa Dije ce, matar marigayi Maigari Ɗan Baba, nake son kaiwa gida. Bai tambaye ni komai ba, ya tashi ya ɗaura shanu. Matarsa ta fito da katifarsu ta ɗaki, ta kawo zana muka kafa a kan amalanken don inuwa. Muka dawo muka ɗauki Yaya mu uku muka kwantar. Na kwashe kayanmu, na rufe motar, na kira mai ita.

Na ce, "Motarka tana nan inda ka kashe ta. Tunda kana ganinta a waya, ka san wurin. Makulli yana hannun mai garin da ke kusa. Ka zo ka ɗauka."

Ya fara ihu. Wannan karon ni na kashe waya.

Amalanke ba ya sauri, amma rairayin da ya wahalar da motar shi ya zama mana katifa, ko girgiza babu. Zule tana zaune tana yi mata fifita, ni ina tafe a gefe riƙe da buta. Kafin mu kai rijiya mata masu ɗiban ruwa sun gane ta. Wata ta aje tulu ta yi cikin gari da gudu tana kiran, "Inna Dije ta dawo!" Kafin mu kai ƙofar gidan mutane sun cika hanya. Surukarta, matar ɗanta, ta share ɗakin, aka shimfiɗa mata a gadonta na kara. Ta sa hannu ta shafa bangon. Ta ce a dama mata fura da nonon gidan, ta sha fiye da abin da na ga ta sha a wata guda a Tasawa.

Ta yi kwanaki a ɗakin nan, ba su da yawa. Amma duk wanda take so ta gani ta gan shi. Ta raba ƴan awakinta da tumakinta da bakinta, ta yafe wa wadda za ta yafe wa, ta yi wa wata tsohuwar ƙawarta faɗa a kan wata magana tun ta ƙuruciya har suka yi dariya. Ranar da za ta cika, da hantsi, ana daka a tsakar gida. Ina riƙe da hannunta. Matan da suka wanke ta sun san sunan uwarta da na kakarta.

Ko kwana bakwai ba a yi da rasuwarta ba aka aiko mini da sammaci daga jandarmeri ta Mayahi, wai na yasar da dukiyar mutum a daji. Na je da rigar zaman makoki. Mai motar yana nan da tabaransa. Ya turo babbar mota ta jawo abarsa, robar hancin ta tsage, shi ne abin da ya fi damunsa. Kwamandan ya saurare mu duka. Ya tambaye shi ko na gaya masa inda za ni, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce na faɗa amma bai ɗauka da gaske nake ba. Ya tambaye shi ko ya san akwai marar lafiya lokacin da ya kashe injin. Ya ce kowa haka yake cewa. Kwamandan ya dube shi, sannan ya ce mu je mu sasanta a waje. A waje ya miƙo mini hannu, ya ce, "Baba, sai haƙuri, harkar ce ta gaji haka. Allah ya ji ƙanta." Na dubi hannun. Da yatsan nan ya latsa waya ya kashe wa Yaya iska. Na sa hannuwana a aljihu na wuce.

Abin da ya fi mini zafi ba shi ba ne, Laminu ne. Shi ya biya gyaran robar ba tare da ya gaya mini ba, don a kashe maganar, kuma da na ji na kira shi na faɗa masa maganganu masu nauyi. Na ce ya biya wanda ya zagi ubansa. Shi kuma ya ce da na ji shawara da Gwaggo ta ƙara kwana. Daga bakinsa maganar nan ta fara fita, sauran kuka ɗauka. Muka yi wata da watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma ta bakin Zule. Ɗana na fari, wanda nake jira ya kira ni kowace Juma'a. Wannan shi ne abin da tafiyar ta ci mini, kuma na ji shi sosai.

Da kaka ta zagayo sai ga shi ya zo Tasawa ba sanarwa. Bayan ya ci abinci ya ce yana so in kai shi kabarin Gwaggo. Muka hau motar kasuwa, shi da takalminsa na ofis a kan buhunan wake, har Atantane, daga nan muka ƙarasa a amalanke. Ya ga rairayin da idonsa. Na nuna masa aduwar, na nuna masa itatuwan rijiya, ya auna tsakaninsu da ido. Da muka yi addu'a muka shafa, surukar Yaya ta fito da wani ɗan rago ta ce na Laminu ne. Yaya ta ware uwar ragon tun ranar rabon awaki da tumaki, ta ce a ba yaron da ya aiko da mota, don shi ya fara ɗauko ta daga Tasawa. Laminu ya riƙe igiyar ragon, ya juya mana baya, kafaɗunsa suna motsi. Na bar shi ya gama. A hanyar dawowa ya ce, "Baba, ashe kusa ne haka." Na ce kusa ne. Ba mu sake tada maganar ba.

Ni da Laminu mun yafi juna. Motar ma ba na riƙe ta a zuciya, abin da aka ƙera ta ta yi ke nan, ta yi kyau a ƙofar gida ta kai mutum ofis. Mai motar kuwa, Liman ya yi mini magana a kansa, ya sake yi mini, ya ce a shekaruna bai kamata in kwana da kowa a rai ba. Na ce masa na ji, Malam, kuma ina ƙoƙari. Har yau dai ban iya ba.